Huelgoat, Garin da Kogi Ke Ɓuya Ƙarƙashin Duwatsu

Duk wanda aka ambata wa Bretagne, in ma ya san wurin, teku ce ke fara faɗo masa a rai. Yanki ne a ƙuryar yammacin Faransa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, kuma yawancin baƙi a bakin gaɓa suke tsayawa, su sha iska, su ci kifi, su juya. Ni kuwa cikin ƙasar ne ya fi kwanta mini, musamman wani ɗan gari da ake kira Huelgoat a lardin Finistère, wanda mutanensa ba su kai 2,000 ba. Yana da nisan kimanin kilomita 30 kudu da birnin Morlaix, a cikin yankin Armorique da hukuma ta keɓe domin kare muhalli tun 1969.

Garin kansa ba ya cin lokaci: dandali ɗaya ne, da coci, da gidajen dutse masu baƙin rufi, sai kasuwa da ke ci ranar Alhamis. Abin da ke kawo mutane yana bayan gari. Shawarata ga duk mai zuwa ita ce ya bi ruwa da ƙafa, domin ruwan nan shi ya haɗa kusan duk abin kallon da ke wurin, shi ne kuma zai nuna masa cewa dajin da ake tallatawa da tatsuniyoyi cike yake da aikin hannun mutane.

Daga tafki ake farawa. Faɗinsa kusan hekta 15 ne, yana kwance a gefen gari, agwagi na yawo a kansa, masu fatsa na zaune a bakinsa. Mutane ne suka datse kogi a ƙarni na 16 suka tara shi, saboda mahaƙar azurfa da darma da ke gabas da gari tana buƙatar ruwa. Kogin da ke fita daga tafkin ma Kogin Azurfa ake ce masa. Yana wucewa ƙarƙashin gada, ya gifta wani tsohon gidan niƙa da ruwa ke juya dutsensa a da, daga nan sai ka neme shi ka rasa. Ya shige ƙarƙashin tarin manyan duwatsu masu sulɓi, wani bisa wani, gansakuka ta lulluɓe su kore shar. Kana jin rurinsa a ƙarƙashin ƙafarka, ido ba ya ganinsa.

In kana son ganinsa, sai ka sauka Kogon Shaiɗan. Wata 'yar ƙofa ce tsakanin duwatsu biyu, da tsanin ƙarfe a tsaye, mai sanyi da laima a hannu. Mutum ɗaya yake ɗauka, don haka na ƙasa sai ya jira na sama. Taku kaɗan haske ya ragu, iska ta yi sanyi, ƙarar ruwa ta cika kunne har ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Idan ido ya saba da duhun, sai ka hango farin kumfa yana dukan dutse can ƙasa da inda kake tsaye, ga wani katafaren dutse a saman kanka wanda 'yan uwansa kawai suka tokare. Mai takalmi mai santsi kada ya gwada.

Wanda ya taɓa ganin duwatsun Riyom a Filato zai gane irin wannan ɗori, sai dai na nan a jiƙe suke, cikin inuwar itatuwa. Bayanin masana shi ne, fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce narkakken dutse ya daskare a can cikin ƙasa, daga baya ya tsattsage. Ruwa ya yi ta bin tsagar yana cin kusurwoyi yana mai da su yashi, har kogi ya zo ya kwashe yashin ya bar ƙwallayen a jibge. Mutanen gari suna da nasu labarin. Wai wani ƙato mai suna Gargantua ne ya biyo da yunwa, aka ba shi kunun baƙar alkama kawai, ya ji haushi. Da ya isa ƙasar Léon ta arewa ya ci ya ƙoshi, sai ya riƙa tsintar duwatsu yana jifan garin da ya yi masa rowa.

Gaba kaɗan akwai dutsen da kowa ke son hoto da shi, Roche Tremblante, mai nauyin tan 137 da tsawon kusan mita 7. Yana zaune ne a kan wani ɗan gefe nasa, ta yadda mutum ɗaya zai iya motsa shi. Ƙarfi ba ya aiki a nan. Na ga ƙarti sun haɗu suna turawa har jijiyar wuya ta fito, dutse ko gezau. Can wata yarinya ta zo ta jingina bayanta a wani lungu kusa da ƙarshensa, ta durƙusa kaɗan, ta riƙa dannawa tana saki a hankali, sai ga dutsen yana sunkuyawa yana ɗagowa. A jikinsa akwai jerin ƙananan ramuka, aikin masu fasa dutse da suka so tsaga shi. A ƙarshen ƙarni na 19 ana ta farfasa duwatsun wurin ana sayarwa don gini, sai da masu kishin wurin suka tashi tsaye kafin a bari. Masu fasa dutsen abinci suke nema a ƙasar da noma ba ya ƙosarwa, ban ga laifinsu ba, amma na ji daɗi da ba su ƙarasa ba.

Hanyar da na fi so ba ta da suna kamar waɗannan. Magudana ce da aka haƙa a ƙarni na 18, 'yar siririya, tana bin gefen tudu tsawon kilomita da dama tana kai ruwan tafki zuwa mahaƙa. A can ruwan ke juya manyan ƙafafun katako da ke zuƙe ruwa daga ramuka da kuma daka duwatsun ma'adini. A wancan zamani mahaƙun Huelgoat da na Poullaouen da ke maƙwabtaka suna cikin manyan masu samar wa Faransa darma da azurfa, har daga Jamus ake ɗauko injiniyoyi da ƙwararrun ma'aikata. Aikin ya mutu tuntuni, magudanar kuwa tana gudu har yau. Da yake an yi ta ne don ruwa ya gangara sannu, hanyar gefenta a shimfiɗe take, tsoho da yaro duk za su iya. Kana tafe ruwa na tafe a gefenka, kana kallon yadda aka sassaƙe dutse da hannu a wasu wurare don a ba shi hanya.

Dajin ya kai hekta 1,000, kuma akwai alamu a kowace mararraba. Wata hanya za ta kai ka Gouffre, inda kogi ke faɗawa wani rami ya sake ɓacewa. A kan tudun da ke bisa wurin aka tsinci gawar marubuci Victor Segalen a watan Mayun 1919. Likitan sojan ruwa ne ɗan Brest da ya yi shekaru a ƙasar Sin. Ya fita yawo shi kaɗai, aka same shi da rauni a ƙafa, littafin Hamlet a gefensa, yana da shekara 41. A maƙabartar garin aka binne shi. Wata hanyar kuma tana hawa zuwa Camp d'Artus, sansanin mutanen Gaul na kafin zuwan Rumawa, wanda Baturen Ingila Mortimer Wheeler ya tona a 1938. Ganuwar ƙasa ce kawai ta rage, itatuwa sun tsiro a kanta. Da yawa daga itatuwan dajin matasa ne, domin guguwar Oktoban 1987 ta kwantar da ɓangare mai yawa a dare ɗaya, aka sake dashe.

Mai kwana biyu ya leƙa Saint-Herbot, kimanin kilomita 7 daga gari. Tsohuwar coci ce a cikin kwari, ta waliyyin da Kiristocin yankin suka ɗauka majiɓincin shanu. A ciki akwai teburan dutse guda biyu inda manoma ke ajiye gashin wutsiyar shanunsu suna roƙa musu lafiya, kuma har yanzu akan tarar da ƙullin gashin a kai. Duk wanda ya tashi kusa da makiyaya ba sai an yi masa bayanin damuwar da ke sa mutum yin haka ba.

Daga nan ƙasa ke buɗewa zuwa tsaunukan Arrée. Mafi tsawonsu bai kai mita 400 ba, amma babu itace, sai gajerun ciyayi da iska mai kaɗa mutum. A kan tsaunin Saint-Michel na Brasparts akwai 'yar coci ita kaɗai, kuma daga ƙofarta ana hango fadamar Yeun Elez, wadda a da mutane ke cewa ƙofar wuta tana cikinta. A bakin ruwan da ke tsakiyar fadamar ga tashar nukiliya ta Brennilis, wadda ta yi aiki daga 1967 zuwa 1985, har yau ba a gama kwance ta ba. A 2022 gobara ta cinye fiye da hekta 2,000 a nan, ta zo dab da cocin ta bar ta. Saiwa na farfaɗowa, ciyayi na tohowa, shi ya sa ake roƙon masu yawo su tsaya kan turba kada su ratse.

Batun ciki kuwa, abincin yankin shi ne wata faffaɗar waina marar kauri ta garin baƙar alkama, ana naɗe ƙwai da cuku a ciki. Musulmi ya lura: wadda aka fi saye tana da naman alade, abin shan tuffa da ake kawowa tare da ita a ɗan kwano kuma yana da giya. In ka faɗa tun farko, za a yi maka ta ƙwai da cuku ko ta albasa, a kawo ruwan tuffa zalla.

Daga Paris jirgin ƙasa na kai mutum Morlaix cikin awa uku da wani abu, sauran tafiyar ta mota ce. Masu keke suna da tsohuwar hanyar dogo tsakanin Morlaix da Carhaix da aka mayar tasu, tana wucewa 'yan kilomita daga gari. Daga Mayu zuwa Satumba ne lokaci mafi daɗi, amma ruwan sama a nan ba ya sallama, don haka rigar ruwa ta zama a jaka kullum. Guguwar Ciarán ta Nuwamban 2023 ma ta kayar da itatuwa masu yawa, kuma ma'aikatan daji kan rufe wasu hanyoyi bayan kowace iska mai ƙarfi, saboda haka kafin ka shiga daji ka biya ofishin baƙi na garin ka tambayi waɗanda ke buɗe, ka karɓi taswira.