Kwaɗo, Rana da Tarin Fuka

Kwaɗon fadamar Argungu a cikin laka yake kwana, a cikinta yake tashi, ga ƙwayoyin cuta jingim, amma lafiyarsa ƙalau. Irin wannan ne ya ɗaure wa wani masani ɗan Amurka, Michael Zasloff, kai. Kwaɗin Afirka da yake yi wa tiyata suna warkewa cikin ruwa mai dauɗa, raunin bai yi mugunya ba. A 1987 ya gano sirrin a fatarsu: wasu 'yan guntayen furotin masu kashe bakteriya. Santsin jikin tarwaɗar da masunta ke kamawa a kogin Matan Fada ma yana ɗauke da irinsu.

Ɗan Adam ma yana da nasa. Cikin dakarun garkuwar jiki akwai wata ƙwayar halitta mai suna makurofej, wadda aikinta haɗiye bakteriya. Ta kulle ta a wata 'yar jaka, ta zuba mata guba, shi ke nan. Sai dai ƙwayar tarin fuka, wato tibi, hatsabibiya ce. Idan aka haɗiye ta sai ta hana gubar isowa jakar, ta yi zamanta daram a cikin maharbinta, har ta hayayyafa.

Nan ne makurofej ke zaro katelisidin. Ɗan guntun furotin ne mai gaɓoɓi 37, wanda ke manne wa jikin bakteriya kamar mayen ƙarfe, ya huda ta, abin cikinta ya tsiyaye. Yana kuma taimakawa a tura maɓoyar tata zuwa inda za a narkar da ita.

A 2006 masu bincike a Kalifoniya suka nuna cewa bitamin D ne ke ba da umarnin ƙera wannan makami, shi kuwa fata ce ke samar da shi daga hasken rana. Rana kam, Kebbi ba ta roƙon kowa.

Amma kada a ruɗu. A Mongoliya an bai wa 'yan makaranta sama da 8,000 ko dai bitamin D ko magani na bogi, kuma sakamakon da ya fito a 2020 bai nuna ragin kamuwa da tibi ba. Shan hantsi ba ya warkar da tibi.

Duk wanda tari ya kai masa mako 2, ya je Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko Babban Asibitin Argungu a duba majinarsa. Gwajin da maganin wata 6 duk kyauta ne.