Silimar da babu rufi: yadda Khartum ta rasa darenta

Mai sauraro, idan ka taɓa aiki a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu da garejin gyaran motoci ta Khartum, tambayi dattawan wurin ina suke zuwa da can bayan an tashi. Da yawa za su ce maka silima.

Bari mu faro daga tsarin birnin. Bayan yaƙin Karari na 1898, Kitchener ya sake zana Khartum da miƙaƙƙun tituna, ofisoshin mulki a bakin Kogin Nilu, ma'aikata kuwa can gefe. Omdurman ta zauna da lungunanta da kasuwarta. Tsarin ya raba mutane, silima ce ta riƙa haɗa su. Gidaje irin su Coliseum, da aka buɗe a 1935, ba su da rufi saboda zafi da ƙarancin ruwan sama. Ka biya kuɗin da ka iya, ka kalli fim ɗin Indiya ko na Masar, a ƙofa ga mai shayi ga mai gyaɗa, motocin haya na jira har a tashi. Ka ga gida ɗaya ya rayar da titi guda.

To, me ya faru? Bayan juyin mulkin al-Bashir a 1989 aka kafa dokar hana fita da dare, gwamnati ta janye hannu daga harkar fim, gidajen suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Fili a tsakiyar birni kuwa kuɗi ne. A 2008 aka rushe Studio Gad, ɗakin shirya finafinan Gadalla Gubara, wanda ya yi "Tajouj", kuma a shekarar ya rasu.

A 2019 fim ɗin Suhaib Gasmelbari, "Talking About Trees", ya ci kyauta a Berlin. Labarin dattawa huɗu ne masu shirya fim, ciki har da Ibrahim Shaddad, da suka share Silimar Thawra a Omdurman don su nuna fim kyauta. Suka yi ta zarya neman izini, ba su samu ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya lalata unguwanni da dama, kuma wata rana za a sake gini. Masu tsara birni za su lissafa tituna, famfo da lantarki, kuma haka ya dace. Amma kai da za ka zauna a ciki, tambaye su: ina filin da bakanike da malamin makaranta za su zauna tare bayan isha'i? In ba a ware shi a kan taswira tun yau ba, gobe shaguna za ka tarar a wurin.