Daso: Matar da 'Yan Kallo Suka Sha Tsine wa Saboda Ta Iya Aikinta

A shekarar 2000, lokacin da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta fara aiki da shari'ar Musulunci a Zamfara, kaset ɗin bidiyo ya riga ya samu wurin zama a cikin gidaje. Matan aure a Talata Mafara, Bakura da Maradun kan aiki yaro shago ya karɓo hayar kaset, a taru a ɗakin mai talabijin. A shekarar ce kamfanin Sarauniya da ke Kano ya fitar da fim ɗin Linzami da Wuta, inda aka fara ganin Saratu Gidado, wadda duniya ta fi sani da Daso.

Ba ita ce budurwar da ake rera wa waƙa a cikin lambu ba. Nata rabon shi ne kishiya mai makirci, ko uwar miji da ta hana suruka sakat, ko uwar da ke kai sunan mutum wurin boka. Za ta turo ɗaurin ɗankwali gaba, ta riƙe ƙugu, ta ja tsaki, ta tafa hannu, kafin ma ta buɗe baki mai kallo ya san yau gidan babu zaman lafiya. Gwanintarta ita ce masifar kan zo da ban dariya: ana Allah wadai da ita, ana kuma ƙyaƙyatawa. Haka ta yi a Nagari, Gidauniya, Mashi da Sansani, da wasu finafinai masu ɗimbin yawa cikin shekara fiye da 20.

Irin waɗannan 'yan wasa su ne gishirin fim, ko da yake hoton jarumi da jaruma ake mannawa a fasta. Hawayen amarya ba ya taɓa zuciyar kowa sai an samu wanda ya iya sa ta kukan. A Amurka sun daɗe da gane haka. Walter Brennan, wanda ya ƙware a fitowa a matsayin tsoho mai surutu a finafinan kaboyi, ya ci kyautar Oscar ta mataimakin jarumi har sau uku, a kan finafinan 1936, 1938 da 1940.

A nan kuwa sau da yawa ladan ɗan wasa shi ne a ɗauka halinsa ke nan a gida, wanda rashin adalci ne ga mai sana'a.

Cikin tsofaffin 'yan wasan Hausa, Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya bi shi a 2023. Daso ta rasu a Kano ranar 9 ga Afrilu, 2024, a ƙarshen watan azumi, bayan ta yi sahur ta koma barci. Shekararta 56.