Tsohon Kaya, Sabon Ɗaki: Yadda Hausawan Fatakwal, Anaca da Inugu Ke Ƙawata Gida da Kayan Hannu

Trans-Amadi unguwar masana'antu ce a Fatakwal. A nan ofishin TotalEnergies yake, da harabobin kamfanonin da ke yi wa harkar man fetur hidima, kuma a gefenta, wajen Oginigba, aka san tsohuwar mahautar Slaughter, inda mahauta da fataken shanu daga Arewa suka shafe shekaru suna neman abincinsu. Duk inda kamfani yake kuwa, ba a rasa abin da yake fitarwa waje: katakon ɗora kaya, akwatunan da aka kawo injina a ciki, durom, teburan ofis da aka canza, kujerar da ƙafa ɗaya ta karye. Idan aka haɗa da kayan gidajen ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, ko waɗanda suka sayar da komai suka bar ƙasar, sai a ga an samu wata kasuwa mai zaman kanta. Wani kaso na kayan nan a ɗakunan hayar Hausawa yake ƙarewa, bayan an goge shi, an ɗaure shi, an yi masa fenti.

Sayen kayan hannu ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Dillaliya ta daɗe tana shiga gida gida da tasa da langa da zanin da wata ta fitar don biyan buƙata, Ƙofar Wambai a Kano ta yi suna da gwanjo, Panteka ta Kaduna kuma ta nuna wa duniya abin da hannu ke iya fitarwa daga ƙarfen da aka jefar. Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne masu saye. A da talaka ne tilis, kuma a ɓoye. Yanzu har ɗan kasuwar da ke da rumfa da yaran shago yana sayen tsohon saitin kujeru, matarsa ta zaɓi yadi da kanta, ta ɗauki hoto ta tura wa 'yan'uwa a gida ba tare da jin nauyi ba.

Dalili na farko kowa ya san shi a aljihunsa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haye 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, alhali mafi ƙarancin albashi, wanda aka ɗaga a Yulin wannan shekarar, naira 70,000 ne. Kayan ɗaki sun sha wannan bugun ta kowace fuska, domin yadin kushin, da hannun durowa, da gam, da sinadaran da ake yin soso da fenti, yawancinsu daga waje suke zuwa. Tun ma kafin nan, a 2015, Babban Bankin Najeriya ya sa kayan ɗaki da falankin katako cikin jerin kayayyaki 41 da ya hana wa dalar gwamnati. Lokacin da aka ɗage wannan takunkumi a Oktoban 2023, dalar kanta ta riga ta fi ƙarfin mai shigo da kaya.

Amma tsada ita kaɗai ba ta isa ta bayyana abin da ke faruwa a kudu ba, tunda a Kano ma ana fama da ita. Akwai batun ƙasa da ruwa. Ruwan saman da ke sauka a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma danshi ba ya barin ɗaki ko da rana ta fito. Yawancin sababbin kayan da ake yayi, masu ƙyalli da santsi, da katakon MDF ake yin su, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda. A busasshiyar ƙasa yana ɗan jurewa. A ɗakin da ruwa ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa kuwa, damina ɗaya ko biyu sai ƙasan wadirob ya kumbura, kusoshi su saki, ƙofa ta karkace, funfuna ta kama baya. Tsohon gadon loko ko na maɗaci da aka yi shekaru talatin da suka wuce ba ya wannan. Ƙazanta ce kawai da tsohon banish a jikinsa, kuma duka biyun sanfefa na cire su. A ganin mai wannan nazari, nan ne hujja mafi ƙarfi take: wanda ya iya zaɓe, sau da yawa tsohon da ya saya ya fi sabon da ya bari inganci.

Ga kuma baƙin hayaƙin da ya addabi Fatakwal tun ƙarshen 2016, wanda ke sauka a kan labule da kafet da farin bango. Matan da suka zauna a cikinsa sun koyi barin farin yadi da kafet mai gashi, suka koma wa ledar ƙasa da ake gogewa da tsumma, da rigar kujera da za a cire a wanke.

Dalili na uku ya fi nauyi a zuciya. Hausawa ba jiya suka zo waɗannan garuruwa ba. Unguwar Ama Hausa ta Inugu da kewayen masallacin titin Bida a Anaca sun ga zuriya bayan zuriya, kuma Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko. Duk da haka, wanda ya ga rikicin Anaca na Fabrairun 2006, ko tashin hankalin Oyigbo na Oktoban 2020, ko zaman gidan dole na ranar Litinin da aka fara a kudu maso gabas a Agustan 2021, ya san cewa wata rana ana iya kulle ɗaki a bar shi da abin da ke ciki. Ko ba rikici, mai gida yana iya ƙara kuɗin haya, gwamnati tana iya tashin kasuwa. Ɗauko saitin gado daga Kano zuwa Fatakwal, tafiyar da ta fi kilomita 1,000, ko mayar da shi can, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sayi wani. Shi ya sa magidanci yake zuba jarinsa na gaske a ginin da yake yi a garinsu, a nan kuma ya nemi abin da zai rufa wa iyali asiri, ya yi kyan gani, idan tafiya ta kama a sayar da shi ba tare da babbar asara ba.

Yadda aikin yake a aikace ya cancanci a tsaya a kai. Mai kushin yakan kifa kujera ya yage baƙin ƙyallen ƙasa, ya danna katakon da babban yatsa ya ga ko gara ta ci shi, ya girgiza ya ji inda ya yi sako-sako. Idan ƙashin kujerar lafiya lau ne, an yi sa'a: sai a ƙara ƙusa da gam, a ja sabuwar roba, a bar tsohon soson da bai mutu ba a ɗora masa siririn sabo, a ja yadi a ɗinke. Mai saye yana tsaye yana faɗin, “Maigida, a rage mini, ai katakon nawa ne,” shi kuma yana amsawa, “Alhaji, soson ne ya yi wuta, ba aikina ba.” Gadon ƙarfe ya fi sauƙi, kuma shi ne mata da samari suka fi yi da kansu a tsakar gida: a kankare tsatsa, a shafa jan fentin ƙasa, a bari ya bushe sosai, sannan a bi da baƙi ko ruwan zinariya. Katako da kayan aiki kuwa ba sa wahalar samu, ga Iloabuchi a Diobu ta Fatakwal, ga Ogbo Osisi a bakin gadar Anaca, ga kasuwar Kenyatta a Inugu.

Wayar hannu ta ƙara wa abin gudu. Kayan da a da sai an bi dillali, yanzu suna kan Jiji da Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma bidiyon YouTube da TikTok sun koya wa matan aure liƙa takardar bango, da ɗinka rigar filo daga ragowar atamfa, da mayar da akwatin katako kantar jera kwanuka. Wannan ci gaba ne na al'adar jere da mace Bahaushiya ta gada, inda ɗakinta shi ne mutuncinta kuma ajiyarta.

Amfanin a fili yake: kuɗin da da zai tafi waje ya tsaya a hannun kafinta da mai walda da tela da mai kura, kuma an rage sarar itace da tarin bola. Sai dai kasuwar ta fara cin kanta. Da masu nema suka yi yawa, masu sayarwa suka farga, tsohon kaya mai kyau ya daina zama na banza, kuma talakan da shi ne asalin mai wannan kasuwa yanzu ragowar ragowa yake samu.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba, wanda mata da yara ne suka fi kwana da shi. Tsohuwar katifa da kujera su ne motar kuɗin cizo, kuma maganin da mutane suka fi ruga wa shi ne fiya-fiya ko Sniper, a fesa a rufe ɗaki a kwana. Sinadarin da ke cikinsu guba ne na gona, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni. Shanya kaya a rana mai zafi, da zuba tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gadon ƙarfe, da haƙura da tsohuwar katifa gaba ɗaya, sun fi aminci. Tsohon fenti mai maiƙo yana iya ƙunsar dalma, kuma goge shi a bushe cikin ɗaki yana mayar da ita ƙurar da mai rarrafe zai kai baki. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubar dalma bayan abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Katakon ɗora kaya ma yana da tambari: HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, MB kuma da iskar guba aka yi masa turare, bai dace da gadon yaro ko teburin abinci ba. Durom ɗin da ya fito daga harabar kamfanin mai kuwa, komai wankinsa, ba wurin ajiye ruwan sha ba ne.

Matsala ta ƙarshe ta shafi sunan al'umma baki ɗaya. Yawancin kayan nan ta hannun 'yan gwangwan suke bi, samarin da ke tura kura layi layi, kuma da yawansu 'yan Arewa ne masu neman halali. Amma idan ɗaya ya karɓi ƙofar ƙarfe ko wayar wuta da aka sato, duk masu sana'ar ne ke ɗaukar laifin, daga nan kuma ya shafi mai shayi da mai nama da ba su san hawa ba balle sauka. A Janairun 2025 hukumomin Abuja sun haramta yawon jari-bola suka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu, kuma a garuruwan kudu, inda mai sana'ar baƙo ne, irin wannan zargi ya fi saurin zama tashin hankali. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa a Fatakwal da Anaca da Inugu suna da abin yi a nan wanda ba ya buƙatar kuɗin gwamnati: rajistar masu tura kura, katin shaida, da littafin da za a rubuta sunan wanda ya kawo kaya da lambar wayarsa kafin a biya shi. Mai sayen kujera ma ya kamata ya nemi rasit ko shaida daga dillali, musamman idan farashin ya yi arhar da ba ta dace da kayan ba.