Santsi da Taɓo: Jam'iyyar da Ta Ba Lebura Hutu Kafin Ta Dare Gida Biyu

Ranar 1 ga Mayu, 1980, gwamnatin Jihar Kano ta yi abin da ba a taɓa yi ba a Nijeriya: ta ce ranar ma'aikata ce, hutu ne, kowa ya ajiye kayan aiki. Gwamnan, Muhammadu Abubakar Rimi, watansa bakwai kacal a kan mulki a ƙarƙashin tutar PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano. Shekara na zagayowa gwamnatin Shehu Shagari ta bi sahu, hutun ya game ƙasa.

Wanda bai san leburan kamfani na wancan zamani ba, ba zai gane nauyin wannan rana ba. Da yawa daga cikin masu sammakon zuwa masana'antun Bompai da Sharada, har zuwa Challawa, 'yan ƙauye ne da tsofaffin almajirai da suka shigo birni ci-rani, suka ƙare a gaban injin saƙa, ko ramin jimar fata, ko wurin matsar man gyaɗa. Kuɗin sallama babu tabbas, kora kuwa kalma ɗaya ce daga bakin manaja. Iyayensu a ƙauye su ne aka sauke wa haraji da jangali tun farkon hawan Rimi a Oktoban 1979. Uba ya huta da dagaci, ɗa ya ga gwamnati ta kira shi da sunan mutunci.

Aƙidar ba daga sama ta faɗo ba. Malam ya yi karatu a Landan a 1946 zuwa 1947, lokacin da jam'iyyar Leba ke mulkin Birtaniya, Aneurin Bevan, tsohon mahaƙin kwal daga yankin Wales, yana shirin kafa tsarin asibiti kyauta. Gurguzu ta hanyar ƙuri'a ke nan, ba ta bindiga ba. Irin wannan tunani ya haɗu da koken talakan Arewa a jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma PRP ta gaje ta.

To amma tun ana murnar hutun, ɓaraka ta riga ta kunno kai. Gwamnonin adawa tara, na UPN da GNPP da PRP, suna taro a kai a kai don taka wa NPN, jam'iyyar Shagari, birki. Uwar jam'iyya ta hana Rimi da Balarabe Musa na Kaduna zuwa. Suka ƙi ji, aka kore su. Daga nan Kano ta rabu: 'yan taɓo na tare da Malam, 'yan santsi na tare da gwamnoni, kuma dattijon 'yan ƙwadago Michael Imoudu ya shugabanci ɓangaren santsi.

Muhawarar tana da nama a jikinta, kada a ɗauke ta rikicin kujera kawai. 'Yan santsi suna cewa jam'iyyar talaka ba ta da hurumin sassauta wa NPN, jam'iyyar attajirai da sarakai, kuma ba mutum ake bi ba, aƙida ake bi. 'Yan taɓo suna cewa wanda ya ci zaɓe da tutar jam'iyya dole ya bi umarninta, kuma wanda ya sha ɗauri da bulala tun zamanin En'e ba yaran jiya ne za su koya masa gwagwarmaya ba. A ganina kowane ɓangare yana riƙe da gaskiya, sai dai babu wanda ya tsaya ya saurari ɗan'uwansa.

Masu jiran wannan ɓaraka ba su yi sanya ba. A 23 ga Yuni, 1981, majalisar Kaduna da NPN ta yi wa rinjaye ta tsige Balarabe Musa. Ba a yi mako uku ba, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke a Kano ranar 10 ga Yuli. Aka cinna wuta a gidan Rediyon Kano da wasu gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, malamin jami'a mai ba Rimi shawara kan siyasa, a cikin gidansa. Allah Ya jiƙansa.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ba a ɗinke ba. Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo na taɓo ya kayar da shi. Wata uku Sabo ya yi a kujerar, soja suka kifar da gwamnati a ƙarshen Disamba, suka ɗaure su duka biyun.

Yau yawancin masaƙun Bompai da Sharada a rufe suke, rashin wuta da kayan waje sun durƙusar da su. Ku 'yan ƙwadago masu fita fareti kowace 1 ga Mayu, ku gaya wa na bayanku cewa daga Kano hutun nan ya fara, kuma ku gaya musu abin da rabuwar kai ta jawo wa waɗanda suka kawo shi.