Gwajin zaiba a ruwa: kwalba da safar hannu ke yanke hukunci kafin na'ura

Madatsar ruwa ta Usuma, wadda Abuja ke sha daga gare ta, tana ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 100. Da za a zuba mata zaiba giram 100, wadda ba za ta cika cokalin cin abinci ba, ta gauraye ko'ina, da kowace lita ta ɗauki nanogiram ɗaya. A kan irin wannan ma'auni masu gwajin ɓurɓushin zaiba ke aiki, kuma a nan ƙurar hanya, hayaƙin sigari ko numfashin mai ɗiba ya isa ya sauya sakamako.

Batun ya shafi Najeriya kai tsaye. Masu haƙar zinariya da hannu a Zamfara, Neja, Kebbi, Kaduna da yankin Ilesa na jihar Osun suna cuɗa zaiba da niƙaƙƙen dutse don ta kama zinariya, sannan su ƙona cuɗin zaibar ta tashi. Wani kaso yana bin iska, wani yana bin ruwan wanki zuwa rafi. Najeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Minamata a 2013, ta tabbatar da ita a 2018. Yarjejeniyar ta samo suna daga garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar gubar zaiba a 1956 bayan kamfanin Chisso ya daɗe yana malalar da dagwalo a teku. Tana kuma wajabta wa ƙasashen da ke da irin wannan haƙa su tsara shirin rage amfani da zaiba, shirin da ba ya tsayuwa sai da alƙaluma.

Iyakar da Najeriya ta sa wa ruwan sha ita ce miligiram 0.001 a lita, wato nanogiram 1,000. Mai tambaya zai ce, to me ya kawo wahalar auna nanogiram ɗaya ko biyu? Amsar tana cikin kifi. Ƙwayoyin halitta da ke cikin laka suna mayar da zaiba wani nau'i mafi guba, wanda ke taruwa daga ƙaramin kifi zuwa babba har ya ninka na ruwa sau dubbai, wani lokaci sau miliyan. Kogin da ya tsallake gwajin ruwan sha yana iya fitar da kifin da bai kamata mai juna biyu ta ci ba.

A shekarun 1980 masana suka gano cewa yawancin alƙaluman zaiba da aka riƙa bugawa game da teku da tafkuna sun zarce gaskiya nesa ba kusa ba, domin kwalabe da hannaye da jiragen ɗiba ne suka gurɓata samfurin. Daga wannan darasi hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da ƙa'idar ɗiba mai lamba 1669 da ta gwaji mai lamba 1631, wadda ke iya auna rabin nanogiram a lita.

Kwalbar ita ce kan gaba. Ana amfani da ta Teflon ko ta gilashi mai jure zafi, mai murfin da aka shimfiɗa wa Teflon a ciki. Robar ruwan sha ta kasuwa haramtacciya ce a wannan aiki, domin tururin zaiba yana ratsa jikinta, ya shiga ko ya fita. Sabuwar kwalba ma ba a yarda da ita: sai an jiƙa ta a asid mai zafin digiri 65 zuwa 75 na akalla sa'o'i 48, a ɗauraye da tataccen ruwa, a rufe cikin leda biyu masu zif, ɗaya cikin ɗaya.

Ledojin biyu su suka haifar da tsarin mutum biyu a bakin ruwa. Ɗaya ana kiransa mai tsabtar hannu: ba ya taɓa komai sai leda ta ciki da kwalba. Ɗayan shi ke buɗe leda ta waje, ya kula da akwatin ƙanƙara, famfo da rubutu. Dukansu suna sa safar hannu marar hoda. Mai ɗiba yakan fuskanci inda ruwa ke gangarowa, nesa da gada da titi, ya nutsar da kwalbar kafin ya buɗe murfi, ya rufe tun tana ƙarƙashin ruwa. Ba ya magana a kanta, domin cikon haƙori na azurfa kusan rabinsa zaiba ne. Idan kwale-kwale ne, daga goshinsa ake ɗiba, gaba da hayaƙin inji. Ruwa mai zurfi kuwa ana zuƙo shi da famfon da ke matsa tiyo daga waje, ta yadda ruwan ba ya taɓa ƙarfe. Cikin sa'o'i 48 ake zuba wa samfurin asid, in ba haka ba zaibar ta manne a jikin kwalba ko ta tsere, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya.

Akwai kuma kwalbar shaida. Ana cika ta da tataccen ruwan da aka san babu zaiba a cikinsa, ta bi tawaga, a juye ta a bakin kogi kamar sauran. Idan ta dawo da zaiba, an san daga kayan aiki ko hannu ta fito, kuma alƙaluman wannan rana sun zama abin tuhuma.

A nan ne jami'in da ke duba kasafi ko rahoton ɗan kwangila ke da ta cewa. Na'urar gwaji ita ke ɗaukar ido a takardar sayen kaya, kwalabe da ledoji da ƙanƙara kuwa su ake fara zaftarewa. Rahoton da ya iso tebur a Ma'aikatar Muhalli ko NESREA ya kamata ya faɗi irin kwalbar da aka yi amfani da ita, wanda ya wanke ta, sa'o'in da samfurin ya yi a hanya daga Anka ko Yawuri, da abin da kwalbar shaida ta nuna. A kan wannan takarda za a iya hana masunta kamun kifi, ko a ce wa ƙauye ya ci gaba da ci.