Sunanta Waya, Aikinta Lalita

Kalmar "waya" ta aro ce daga Turanci, kuma asalin ma'anarta zaren ƙarfe. Da ita Bahaushe ya kira tangaraho, da ita ya kira tarho, har ofishin aika wasiƙu ma ya zama gidan waya. Da salula ta iso Nijeriya a watan Agustan 2001, ba ta zo da zare ko ɗaya ba, amma sunan ya bi ta. Mu ɗaliban harshe mun san cewa suna yakan daɗe bayan abin da aka laƙaba wa shi ya sauya kama, kuma galibi babu wata illa a cikin hakan. Illar da nake hange a nan ita ce har yanzu muna riƙon wannan na'ura irin riƙon da ya dace da sunanta, wato abin kira da gaisuwa, alhali kuwa tuni ta zama lalitar da muke ajiye dukiyarmu.

Idan mai karatu bai manta ba, a farkon zuwan salula sai mai hali ke mallakar layi, domin kuwa kuɗinsa kan kai naira 20,000. A shekarar 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da lambar BVN, wadda ta ɗaure asusun mutum da yatsunsa da lambar wayarsa. A watan Disamban 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Sai kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya tilasta wa mai shayi da mai nama da direban Adaidaita Sahu karɓar kuɗi ta waya. Sakamakon wannan duka shi ne ɗan ƙaramin katin nan da ke cikin wayarka ya zama mabuɗin albashinka da jarinka da sunanka.

Ɓarayi sun riga mu fahimtar haka. Wanda ya fizge waya a cunkoson Kantin Kwari ko a tashar mota, sau da yawa layin ya fi tsone masa ido a kan ita kanta wayar. Makullin fuskar waya, na zane ne ko na yatsa, wayar kaɗai yake karewa. Ɓarawo zai zare layin ya sa a wata 'yar ƙaramar waya, ya buga *565*0# lambar BVN ɗinka ta fito masa, saƙon banki na farko da ya shigo kuma ya nuna masa inda kake ajiya. Daga nan sai ya shiga ƙoƙarin kwashe abin da ke asusun, ko ma ya ci bashi da sunanka a manhajojin ba da rance.

Maganin wannan bai kai aikin minti biyar ba, kuma kyauta ne. Kowane layi yana da nasa makullin, wato lambar sirri da ake kunnawa a sashen tsaro na saitin waya. Da zarar an kunna ta, duk wayar da aka sa layin a ciki sai ta nemi lambar kafin ya yi aiki. Sai dai a kula: kamfani kan ba layi lambar farko wadda da ita ake buɗe wannan saiti, saboda haka a tambayi ofishinsu maimakon a yi ta kirdado. Kuskure sau 3 yana rufe layin, sai an kawo lambar PUK mai alƙaluma 8 da ke jikin katin da aka ɓalle layin daga ciki, kuskure sau 10 a ita wannan kuwa yana kashe shi ɗungurungum. Kada a zaɓi shekarar haihuwa ko 1234, domin su ɓarawo ke fara gwadawa.

Abu na biyu shi ne takarda da alƙalami. A buga *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce shaidar wayar, a rubuta ta a ajiye a gida tare da rasit. A je banki a tambayi lambar da ake bugawa daga wayar wani domin toshe asusu, ita ma a rubuta, a kuma ba uwargida ko wani amintacce kwafi. Ranar da tsautsayi ya faɗa, ga yadda ya kamata a jera matakai: a fara toshe asusun banki, sannan a sa kamfanin sadarwa ya rufe layin, daga bisani a kai rahoto ga 'yan sanda. Mutane da yawa kan yi akasin haka, su ɓata yini suna kiran wayar ko za a ɗauka, shi kuwa ɓarawo sa'a guda ta ishe shi. Wanda aka tare da makami kuma, ya miƙa wayar kawai; wanda ya kulle layinsa ba shi da dalilin sayar da ransa a kanta.

Akwai kuma ɓarawo na biyu, wanda ba ya fizge, da baki yake sata, kuma shi ne ya fi jan hankalina a matsayina na malamin harshe. Muna kiran irinsa ɗan 419, sunan da ya samo asali daga wani sashe na kundin dokar manyan laifuffuka da ake aiki da shi a kudancin ƙasar nan. Na saurari labarin irin wannan kira daga bakin ɗalibai da abokan aiki da dama, na kuma lura cewa zancen tsari ɗaya gare shi. Da farko mai kiran zai ari muryar hukuma: ya yi sallama cikin natsuwa, ya ce "ranka ya daɗe", ya ambaci cikakken sunanka har da ranar haihuwarka, don ka sakankance cewa daga banki yake. Sai ya jefa tsoro da gaggawa, ya ce za a rufe asusunka kafin la'asar idan ba a sabunta bayananka ba. Daga ƙarshe sai ya ƙanƙanta buƙatarsa: "'yar lambar nan da ta shigo maka yanzu kawai za ka karanto mini."

Abin da ke ba shi sa'a a kanmu shi ne tarbiyyarmu ta kunya da kara. An rene mu a kan cewa katse wa mutum magana rashin ladabi ne, balle wanda ya gaishe ka da girmamawa. To, a nan kam babu kara. Banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrin katinsa, ko alƙaluma ukun da ke bayan katin, ko lambar wucin gadi da ake turowa ta saƙo. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu, a kashe wayar ba tare da sallama ba, a kira lambar da ke bayan katin ko a taka zuwa reshe. Haka lamarin yake a WhatsApp: lambar nan mai alƙaluma 6 da wani zai ce an turo maka don taron tsofaffin ɗalibai, mabuɗin shafinka ce, da ita zai shiga roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka. A kunna tantancewa mai mataki biyu da ke cikin saitin manhajar.

Sauran wuraren da bango ke tsagewa ƙanana ne, amma kullum muna bi ta kansu. Kada a miƙa wa mai POS kati a faɗa masa lambar sirri da baki, mutum ya danna da kansa yana kare ta da tafin hannu. Ɗan kasuwa kada ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit ko saƙo ya shigo, ya duba ragowar kuɗin asusunsa tukuna, domin ana ƙirƙirar alat na bogi. Wanda zai bar waya wurin mai gyara a Farm Centre, ko wurin mai caji saboda rashin wuta, ya zare layinsa ya tafi da shi. Layin da aka yi watsi da shi na kimanin shekara guda kuwa, kamfani na iya sayar wa wani, saƙonnin bankinka su koma hannun baƙo. Don haka duk wanda ya sauya lamba ya je banki a sauya ta, magada su ma su tuna da layin mamaci.

Idan ɓarna ta riga ta auku, a rubuta wa banki ƙorafi a karɓi shaidar shigarwa. In makonni biyu suka wuce babu gamsasshiyar amsa, ana iya ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Ƙorafin da kamfanin sadarwa ya ƙi warwarewa kuma, hukumar NCC na saurarensa a lamba 622 kyauta.

Wani abin takaici da zan rufe da shi: galibin gargaɗin da bankuna ke aikowa da Turanci yake zuwa, shi kuwa ɗan damfara da tsantsar Hausa yake yi wa mahaifiyarka magana. Ina kira ga bankuna da kamfanonin sadarwa da su riƙa aika gargaɗinsu da harsunan da abokan hulɗarsu ke ji. Kafin su yi hakan, nauyin tafinta a wuyanmu yake, mu da muka yi boko. A ƙarshen makon nan, idan aka je gaida iyaye, a karɓi wayar Baba da ta Inna a kulle musu layi, a kuma gaya musu da harshen da suke ji cewa duk wanda ya kira ya nemi lamba, su ce ya jira ɗansu ya zo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.